Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya: Tsofaffinmu Da Cututtukan Numfashi

 

A ƙasashen da ake tara tsofaffi a gidaje na musamman, a ɗauki ma'aikata su kula da su, hukumomin lafiya suna da wata al'ada kafin sanyi ya shigo. Sukan tuntuɓi masu gidajen su tambaye su: an yi wa mazauna da ma'aikata allurar rigakafin mura? Akwai ɗakin da za a ware wanda ya fara tari? Wa za a kira idan mutum biyu ko uku suka kwanta lokaci guda? Mu a nan idan muka ji irin wannan labari, abin da ke fara fitowa daga bakinmu hamdala ce. Ba ma kai iyayenmu gidan ajiya. Tsoho a ɗakinsa yake tsufa, cikin 'ya'ya da jikoki, a kai masa kunu da safe, a zo a gaishe shi da dare. Aya ta 23 ta Suratul Isra'i ma, da ta zo kan tsufan iyaye, a wurin ɗa ta ajiye su. In ban da ɗaiɗaikun wurare irin gidan gajiyayyu na Shahuci a Kano, ƙasar Hausa ba ta san gidan tsofaffi ba, kuma muna fatan kada ta san shi.

Sai dai wannan hamdalar takan rufe mana ido daga abu guda. Rashin ginin bai kawar da tambayoyin nan ba. Sun dai sauka a kan maigida da uwargida da babban ɗa, kuma babu wata hukuma da za ta zo ta tuna musu.

Mu dubi abin da ya faru a 2020. A Kanada, cikin watannin farko na annobar korona, kusan kashi 80 cikin 100 na waɗanda suka mutu mazauna gidajen kula da tsofaffi ne. A Ingila an sallami dubban marasa lafiya daga asibitoci zuwa irin waɗannan gidaje ba tare da an gwada su ba, har babbar kotun ƙasar ta yanke hukunci a watan Afrilun 2022 cewa tsarin da aka bi ya saɓa wa doka. Abin da ya haddasa wannan ɓarna a fili yake: raunanan mutane da yawa a ƙarƙashin rufi ɗaya, suna shaƙar iska ɗaya, ga masu shiga da fita kullum. Mun ji labarin a rediyo, wasunmu suka ce ai sakamakon watsar da iyaye ke nan.

To, a daidai wannan lokacin ne masu haƙar kabari a Kano suka fara kokawa cewa aiki ya fi ƙarfinsu. Malamai da sarakuna da tsofaffin ma'aikata suka riƙa tafiya ɗaya bayan ɗaya. Da kwamitin gwamnatin tarayya ya kammala bincike, ministan lafiya na lokacin, Osagie Ehanire, ya bayyana a watan Yunin 2020 cewa an ƙidaya mutum 979 da suka rasu a ƙananan hukumomi takwas na birnin, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin 100 na mace-macen ana ganin korona ce ta jawo su ko ta ingiza su. Mafi yawan mamatan sun haura shekara 65, da yawansu kuma da ma suna fama da hawan jini ko ciwon suga. Adadin da ya kamata ya tsaya mana a rai shi ne wannan: kashi 56 cikin 100 a gida suka cika. Kano ba ta tara tsofaffinta a gidajen ajiya ba, amma cutar ta bi su ɗaki ɗaki ta same su. A Zamfara ma ba mu manta ba, a farkon watan Mayun wannan shekarar Sarkin Kaura Namoda ya rasu a wurin killace marasa lafiya na Asibitin Yariman Bakura da ke Gusau, yana jiran sakamakon gwaji. Allah Ya jiƙansu baki ɗaya. Idan cutar numfashi ta iya ratsa fada ta kai ga sarki, ɗakin talaka ba zai gagare ta ba.

Ga kuma wani abin da ya ƙaru a kanmu wanda Kanon 2020 ba ta da irinsa. A watan Fabrairun 2019 'yan bindiga suka auka wa Ruwan Bore da ke yankin Gusau, suka kashe mutane, da yawa suka bar gidajensu. Tun kafin nan da bayan nan, ƙauyukan Gusau da Tsafe da Bunguɗu sun sha ganin irin wannan. Matashi idan aka tashe shi yakan nausa Kano ko Abuja ko Legas neman na abinci. Tsoho da tsohuwa ba inda za su. Su ne za ka tarar a kangon da mai shi bai gama ginawa ba, ko ajin makaranta, ko zauren wani ɗan'uwa da shi ma da ƙyar yake ciyar da iyalinsa, mutum shida ko takwas a tabarma biyu, an toshe ƙofa da buhu. Duk abin da ya sa gidajen tsofaffin Turai suka zama tarko ya taru a nan: tsufa, cunkoso, iska ɗaya. An kuma ƙara musu da yunwa. Waɗannan su ne gidajen tsofaffinmu, ko da ba mu kira su da wannan suna ba, kuma ba su da ma'aikacin jinya ko ɗaya.

Ta wace ƙofa cutar ke shiga wurin tsoho? Abin da ke da nauyin faɗa shi ne, galibi ta ƙofar ƙauna take shiga.

Hunturu ya kama, ɗa mai biyayya ya ji tausayin mahaifiyarsa, ya sa a liƙe tagar ɗakinta da leda da tsumma, a shigar mata da kaskon gawayi, a ja ƙofa. Jikoki uku suka tafi kwana wurin kaka don ta ji ɗumi, ɗayansu ya dawo daga makaranta da majina. Kowane mataki a nan niyyarsa alheri ce, kuma kowane mataki yana da haɗari. Ƙwayoyin mura da korona da tarin fuka a iska suke yawo, suna fita da tari da atishawa da magana, su daɗe a ɗakin da iska ba ta ratsa shi. Mai mura kuma yakan fara yaɗa ta tun kwana guda kafin shi kansa ya san ya kamu. Murar da yaro zai yi kwana uku ya warware, ita ce za ta gangara ƙirjin 'yar shekara 75 ta zama ciwon huhu. Shi kuwa gawayi, idan yana ci a rufaffen ɗaki yana fitar da wata iska mai guba da ba ta da launi ba ta da wari, ta fara da ciwon kai da jiri, ta ƙare da barcin da ba a tashi. Haka hayaƙin janareta. Abin da ya fi shi ne a ɗumama ɗakin tun da sauran lokaci, a fitar da kaskon kafin a kwanta, a ƙara bargo da safa da hula, a bar 'yar kafa a sama inda iska za ta riƙa wucewa. Da hantsi, idan rana ta ɗaga, a buɗe taga da ƙofa gaba ɗaya, a fito da shimfiɗa a shanya. Yaron da ke tari ya koma ɗakin uwarsa har ya warke. Kaka za ta yi ƙorafi, mun sani, za ta ce an raba ta da mai gidanta ko kishiyarta. A lallashe ta. Fushin mako guda ya fi kwanciyar wata guda sauƙi.

Sai maganar dubiya, wadda ita ce ta fi wuya domin ibada ce. Gaida mara lafiya haƙƙi ne na Musulmi a kan ɗan'uwansa, ba mai jayayya a kan haka. Amma mu dubi yadda muke yin ta. Dattijo ya kwanta da tari da zazzaɓi, kafin la'asar sa'o'insa na majalisa sun cika ɗakin, kowa ya miƙa hannu, an zauna sa'a guda ana hira ƙofa a rufe. Su waye suka zo? Tsofaffi irinsa. Bayan mako guda biyu daga cikinsu sun kwanta, aka koma dubiyarsu, aka sake cika wani ɗakin. In aka yi rashi, zaman makoki na kwana uku ya tara na nesa da na kusa a rumfa ɗaya. Malamai tun da can sun ambata cikin ladubban dubiya cewa a taƙaita zama, kada a gajiyar da mara lafiya. Kuma ya tabbata a cikin Sahihu Muslim cewa da tawagar Saƙifa ta zo da wani mai kuturta a cikinta, Manzon Allah (SAW) aika masa ya yi cewa an karɓi mubaya'arsa, ya koma. Ba a tozarta mutumin ba, ba a kuma hana shi ladansa ba. Saboda haka idan ciwon na numfashi ne, a tsaya daga bakin ƙofa a yi addu'a, ko a fito da mara lafiya inuwar tsakar gida in zai iya, ko a kira shi a waya, a kuma aika da abin da za a aika. Wanda shi kansa yake tari ya zauna a gidansa, dubiyarsa a wannan rana cutarwa ce. Mai jinya kuwa ya zama mutum ɗaya tsayayye, mai sauran ƙarfi, ya sa takunkumi, ya wanke hannu da sabulu, a ware wa mara lafiya kofinsa da cokalinsa. Sau da yawa tsohuwar matarsa ake bar wa wannan aiki, alhali ita ce ta fi kowa kusa da kamuwa.

Wanda ya dawo daga kwanciyar asibiti ko doguwar tafiya, ko Umara ce, yana tari, shi ma ya yi wa tsohon gida sallama daga nesa na 'yan kwanaki. Darasin Ingila ke nan.

Wani abin da kowane gida ya kamata ya sani shi ne, ciwon huhu a jikin tsoho ba kullum yake zuwa da kamannin da muka saba ba. Jikinsa na iya ƙin yin zafi sosai. Abin da za a gani shi ne ya daina cin abinci, ko barci ya yi masa yawa, ko ya fara rikicewa yana kiran sunayen waɗanda suka daɗe da rasuwa, ko ya faɗi a hanyar bayi. Mu kuma sai mu ce tsufa ne, wasu su ce iska ce, a kawo hayaƙi a turara masa a ɗakin da da ma numfashi ke yi masa wuya. Ruƙya da addu'a suna da matsayinsu, babu mai hana su, amma a haɗa da ƙidaya. A dubi ƙirjinsa yana kwance, a ƙirga sau nawa yake ɗagawa a minti ɗaya. Babba mai lafiya yana yin tsakanin 12 da 20. In ya wuce 24 a fara shirin asibiti, in ya kai 30 babu sauran jira. Akwai 'yar na'ura da ake maƙalawa a yatsa ta nuna yawan iskar oksijin a jini. Idan ta nuna ƙasa da 92 a nemi ma'aikacin lafiya, ƙasa da 90 kuwa gaggawa ce. A ɗumama hannun kafin a gwada, domin yatsa mai sanyi yakan ba da lambar ƙarya, kuma a jikin baƙar fata na'urar takan ɗan ƙara a kan gaskiya, don haka kada lambarta ta sa a ƙaryata abin da ido ke gani.

Tarin da ya kai mako biyu kuma, musamman da rama da gumin dare, kada a kira shi tarin tsufa. Najeriya ce kan gaba a Afirka wajen yawan masu tarin fuka, gwajinsa da maganinsa kyauta ne a cibiyoyin gwamnati, ana sha wata shida. Kakan da ke ɗauke da shi ba a sani ba, jikan da ke kwana a bayansa ne zai fara karɓa. Su ma ƙwayoyin da muke saye a kemis da an ji mura, yawancinsu ba sa taɓa ƙwayar cutar mura, sai dai su sa a ɓata kwana huɗu ana jiran aikinsu.

A yankinmu wannan jinkirin yana da tsada ta musamman, saboda hanya. Wanda ke cikin Gusau zai iya kai mahaifinsa Cibiyar Lafiya ta Tarayya ko Asibitin Yariman Bakura ko da tsakar dare. Wanda ke ƙauyen Tsafe ko bayan Bunguɗu ko wajen Ruwan Bore ya san abin da fita bayan magariba ke nufi, kuma numfashi ba ya jiran gari ya waye. Don haka shawarar tafiya da rana ake yanke ta, tun ciwon yana da sauƙi. A san tun yanzu motar wa za a nema, wane ɗan'uwa ne a birni zai sauke mara lafiya, kuɗin mai da na kati suna hannun wa. 'Ya'yan da ke aiko da kuɗin shinkafar Sallah su ware wani abu a ajiye da sunan wannan. Mai hawan jini da mai suga da mai asma a tabbatar maganinsu na wata guda yana gida kafin sanyi ya kankama.

Masallaci ma yana da nasa kason. Wa ke cika sahun farko da asuba a tsakiyar hunturu? Dattawa. Sun yi alwala da ruwan randa mai kamar ƙanƙara, sun shigo an rufe tagogi saboda iska, kafaɗa da kafaɗa, wannan na tari wancan na amsawa. Ɗaliban da suka karanta Mukhtasar na Shaihu Khalil sun san cewa cikin uzurorin da ke halatta barin Juma'a da jam'i akwai rashin lafiya, da jinyar mara lafiya, da kuturta mai tsanani saboda cutar da mutane. Sun kuma san tun daga Ahalari da Risala cewa wanda ke tsoron ruwa zai ƙara masa ciwo ko ya jinkirta warkewarsa yana da damar taimama. Ilimin yana nan a zaure, bai dai isa kunnen tsohon da ke ganin rashin fitarsa masallaci alamar raunin imani ba ne. Ɗansa ba zai iya hana shi ba, kunya ba za ta bari ba. Liman ne zai iya, da kalma biyu bayan sallama: wanda ke tari ya yi salla a gida, ladansa na nan in Allah Ya so. A dafa wa tsoho ruwan alwala, wannan kam ko fatawa ba ya buƙata.

Mun san za a ce ai kwana ne, in ya ƙare ya ƙare. Haka ne. Mun kuma tuna muhawarar da ta tashi a 2017, lokacin da sanƙarau ya fi tsanani a Zamfara, ya kashe sama da mutum 1,000 a faɗin ƙasa, gwamnan jihar na lokacin ya danganta annobar da saɓon Allah, Sarkin Kano na lokacin Muhammadu Sanusi II ya mayar masa da martani cewa a nemo allurar rigakafi. Ba mu da niyyar tayar da tsohon zance. Abin da muka sani shi ne, annobar Amwas ta shekara ta 18 bayan Hijira ta tafi da Abu Ubaida ɗan Jarrah da Mu'azu ɗan Jabal, Allah Ya yarda da su, kuma ba wanda zai ce zunubinsu ya fi namu. Halifa Umar ya kama hanyar Sham, da ya isa Sarg ya ji labarin annobar, ya yi shawara, ya juya da mutanensa, ya kuma nuna wa masu ganin hakan gudun ƙaddara ne cewa komawar ma a cikin ƙaddarar take. Masu tarihi sun kawo cewa da jagoranci ya koma hannun Amru ɗan Asi, umartar mutane ya yi su warwatsu cikin duwatsu, annobar ta lafa. Rage cunkoso ke nan, ƙarni goma sha huɗu da suka wuce.

Saura waɗanda ba su da ɗa a kusa, tsofaffin kangaye da azuzuwa. Najeriya ta sa hannu a dokar kafa cibiyar kula da tsofaffi ta ƙasa a 2018, cibiyar ta fara aiki a 2021, amma daga Abuja zuwa kangon bayan tasha tafiya ce mai nisa. Abin da ya fi kusa da mu shi ne Hukumar Zakka da Waƙafi ta Jihar Zamfara, da ƙungiyoyin agaji na masallatai, da masu unguwanni. Waƙafi don lafiya tsohon abu ne a Musulunci. Asibitin da Sarki Ƙalawun ya gina a Alƙahira a 1284 da dukiyar waƙafi ya riƙa gudana, an kuma ware wa kowane irin ciwo sashensa. Ba mu ce a gina irinsa ba. Muna cewa cikin rabon da ake yi, a sa bargo da sabulu da takunkumi a jerin hatsi, a yi rabon kafin sanyi, kuma a daina tara tsofaffi ɗaruruwa a layi tun safe don karɓar mudu biyu. A bi su inda suke. A kowace unguwa da ke da 'yan gudun hijira a nemi ɗaki guda da za a iya kwantar da wanda ya fara tari, don kada mutum ɗaya ya kwantar da takwas. Attajirin da ke neman sadaka mai gudana ya tambayi asibitin garinsu ko suna da na'urar oksijin, da wutar da za ta riƙe ta.

Iyaye mata kuma su sani, kai jariri rigakafi kariya ce ga kaka. Allurar da ake yi wa yara a asibitin sha-ka-tafi ta ƙunshi ta mashaƙo da ta tarin shiƙa, tun ƙarshen 2014 kuma aka fara shigo da ta ciwon huhu. Yaron da bai ɗauki ƙwayar ba, ba zai kai ta ɗakin tsohuwa ba.

Ɗalibai na Islamiyya da na boko, musamman masu karatun aikin lafiya, su ne ƙafafun wannan aiki. Littafin rubutu guda ya isa. A zaga unguwa tare da izinin mai unguwa da liman, a rubuta kowane tsoho da ya haura 65, wa ke kwana da shi, wane ciwo yake da shi, wa za a kira idan ya kwanta, a fara da waɗanda amsar tambaya ta ƙarshe a wurinsu ita ce babu kowa. A ajiye littafin da 'yar na'urar yatsa guda a hannun ladan ko na'ibi, a raba sunayen tsakanin matasa, kowa ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa bayan sallar asuba daga watan Nuwamba har zuwa ƙarshen Fabrairu.